Sharhi: mahaɗin tiyon fetur na tankin kwalekwale mai inji

Kayan da muka gwada saiti ne na kasuwa, ba na kamfanin inji ba: tiyo mai faɗin ciki milimita 8, famfon roba a tsakiya, mahaɗin tagulla a gefen tanki, da na roba mai kilif a gefen inji. An ɗora shi kan tankin lita 25 da injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gani a Tafkin Jabi.

Kafin a ba da kuɗi, a san cewa kowane kamfanin inji da irin bakin mahaɗinsa. Na Yamaha da na Mercury sun yi kama a ido, kowanne ƙafa biyu, ɗaya ta mai ɗaya ta riƙo, amma ba sa zama daidai a gurbin juna. Na Suzuki kuwa zagaye ne. Mai shago zai iya cewa "duk ɗaya ne, Alhaji". A tafi masa da tsohon mahaɗin a hannu, a gwada baki da baki.

Gefen tanki ya burge mu. Zarensa kwata na inci ne, ya shiga sumul, tagullar kuma ba ta yi tsatsa ba duk da feshin ruwa. A shafa wa zaren man liƙi mai jure fetur, a ɗaure da hannu, sannan a ƙara kaɗan da sifana. Wanda ya matse da ƙarfi zai tsaga mazaunin robar tankin, kuma wannan tsaga ba ta ɗinkuwa.

Matsalar tana gefen inji. A cikin bakin mahaɗin akwai ɗan zoben roba da bawul mai sifirin. Zoben wannan saiti ya yi saurin taurara, ya tsage kamar kaushin ƙafa a hunturu. Abin da ke sa a sha wahala shi ne ba lallai a ga ɗigon mai ba. Famfon injin zuƙo mai yake yi, don haka ta wannan tsaga iska ce ke shiga. Inji ya tashi lafiya, ya yi silo lafiya, ana ba shi wuta sai ya fara tari ya mutu a tsakiyar ruwa. Sai a kwance kafireta, a canza filogi, a zagi mai sayar da fetur, alhali laifin na zoben da bai kai girman wake ba ne.

Gane shi ba wuya. A sassauta sukurun iska da ke kan murfin tanki, a ɗaga famfon roban da ke tsakiyar tiyo, kibiyar da ke jikinsa na kallon sama wajen inji, a matsa har ya yi tauri. In ya ƙi tauri, ko dai iska na shiga ko bawul ɗin famfon ya mutu. In ya yi tauri, a ci gaba da matsawa ana kallon bakin mahaɗi: danshi kaɗan ya isa shaida. In kuwa famfon ya shanye ya lotse ana cikin tafiya, toshewa ce ta gefen tanki, galibi an manta sukurun iska a rufe.

Maɗaurin da saitin ya zo da shi na roba ne, mu dai ba mu yarda da shi ba. A sa kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗaya a kowane baki, huɗu ne idan an haɗa da na famfo biyu. Kada a cusa tiyon milimita 10 kan baki na 8 a ce kilif zai rufe giɓin.

Tiyon da tagullar sun cancanci kuɗinsu. Mahaɗin gefen inji a cire shi tun ranar farko a sa na asali, a kuma ajiye spaya guda cikin leda a akwatin kayan aiki. A zafin Maris na Abuja, in an ɗaure kwalekwale a rana, a zare tiyon daga inji, don tankin da ya kumbura yakan tura mai ya cika kafireta.