Wayar ƙarfe ko roba: abin dubawa kafin a biya kuɗin jera haƙora

Bayan shekara biyu ina kai 'yata asibitin haƙori a Kano, duk wanda ya tambaye ni wayar ƙarfe nake nuna masa. Ita ce wadda ake manna ɗan ƙarfe a kan kowane haƙori, a zura siririyar waya ta cikinsu, likita ya riƙa ƙara ɗaurin duk bayan mako huɗu zuwa takwas. Haƙori yana gusawa ne saboda ƙashin da ke gefen da aka matsa yana zaizayewa a hankali, sabo kuma yana cikowa ta ɗaya gefen, shi ya sa aikin kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wayar ƙarfe tana juya haƙorin da ya karkace, tana jan saiwarsa, tana rufe gibin da cire haƙori ya bari, sannan yaro ba shi da damar zare ta ya jefa a aljihu idan ya shiga makaranta. Aibinta shi ne abinci yana maƙalewa a ƙarafan, kuma wanda ya yi sakaci da buroshi zai tarar da fararen tabo ranar da aka cire su.

Wayar da ake manna tangaran a maimakon ƙarfe aikinsu ɗaya da ta ƙarfe, sai dai ta fi tsada da saurin fashewa. Wadda ake mannawa ta bayan haƙora kuwa harshe ne ke shan wuyarta. Robar nan mai garai-garai irin Invisalign tana da amfani ga ƙaramin karkacewa, amma sai an sa ta awa 20 zuwa 22 a kullum, abin da ban ga matashin da zai jure ba.

Game da muƙamuƙi, kada a yarda da alkawarin gyara ƙashinsa da ya wuce kima. Binciken da Kevin O'Brien na Jami'ar Manchester ya jagoranta a Birtaniya, wanda aka buga a 2003, ya nuna cewa na'urar Twin Block da ake sa wa yara masu haƙoran sama da suka turo gaba tana gyara matsalar, amma mafi yawan gyaran daga motsin haƙora yake, canjin ƙashin kansa kaɗan ne. Haka kuma Robert Little na Jami'ar Washington ya gano cewa shekara 20 bayan an daina sa abin riƙe haƙora, wato wanda ake sawa bayan an cire waya don kada su koma yadda suke, kusan kashi 10 cikin ɗari na mutanen ne kawai haƙoransu na gaba na ƙasa suka zauna yadda ake so. Don haka a tabbatar kuɗin abin riƙon yana cikin ciniki tun farko, a rubuce.

Inda na ƙone shi ne wurin da muka fara zuwa. Mutumin wurin ya manna wa 'yata ƙarafa ranar farko ba tare da ya ɗauki hoton ƙashi ba, kuma cikin wata uku dasashinta ya kumbura, yana jini duk asuba, haƙori ɗaya na girgiɗi idan ta taɓa shi da harshe. Daga baya na fahimci cewa jan haƙori kan rage tsawon saiwarsa, musamman idan an matsa da ƙarfi, kuma hoto ne kaɗai ke nuna hakan. Duk wanda bai nemi hoto ba, a tashi a bar masa shagonsa. A nemi ganin rajistarsa da hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, a kuma tambaye shi ko ya yi ƙwarewa a jera haƙora, domin ba kowane likitan haƙori ne ya yi ta ba. A guji wayar ado da ake mannawa a shagunan kwalliya ko ake tallatawa a Instagram, don ita ma tana jan haƙori, sai dai babu mai lura da inda take jansa. Robar da ake aiko wa mutum gida ba tare da likita ya buɗa bakinsa ba ma haka take: kamfanin SmileDirectClub na Amurka ya rufe a Disamban 2023, ya bar masu jinya a tsakiyar aiki da kuɗinsu a hannunsa.