Sharhina kan ƙaramin akwatin fentin ruwa mai kala 12, ga masu zane a kan hanya

Jama'a masu tambayata a kan ɗan akwatin fentin nan da nake yawo da shi, to ga abin da na gani bayan ya sha hunturu da bazara da damina a jakata. Irin na aljihun nan ne, girmansa bai wuce waya ba sai dai ya fi ta kauri, roba ce fara, a ciki akwai ƴan ƙananan gurabe 12 kowanne da busasshen fenti, murfin kuma shi ne wurin haɗa kala, sai wani ɗan siririn burushi. Kamfanoni da yawa suna yin irinsa, nawa dai na masu araha ne, a intanet na yi odarsa aka saka min a mota.

Gaskiya babban abin da ya yi min shi ne ya kashe min lalaci. Da can fentin mai nake yi a gida, kafin ka shirya allo da man wanke burushi da tsumma har sha'awar ta tafi, balle a ce tafiya ce. Yanzu ko a tasha ake jiran mota ta cika, wanda kun san zai iya kai ka azahar, sai in buɗe akwatin a kan cinya in zana mai shayi da tukunyarsa ko lodin buhunan da aka ɗaure a saman Sharon, kafin kwandasta ya gama ihun saura mutum ɗaya na cika shafi. Dama can saboda haka aka ƙirƙiro irin wannan fentin, kamfanin Winsor & Newton na Landan da aka kafa a 1832 su ne suka yi suna wajen yin fentin da ke narkewa da zarar jiƙaƙƙen burushi ya taɓa shi, sai kuma a 1841 wani Ba'amurke John Goffe Rand ya fito da fenti na cikin tiyub, wato irin mazubin man goge baki da ake matsawa, daga nan masu zanen Faransa irin su Monet suka fantsama bakin kogi da gonaki. Abin da ke riƙe garin kalar kuma ƙaro ne, wannan dai ƙaron na dakwara da Sudan da Chadi da su Yobe da Jigawa ke fitarwa, shi ya sa in ka jiƙa shi yake yin danƙo kamar tawadar allo.

Maganar kaloli. Wanda ya tsara su ba mutumin ƙasarmu ya yi tunani ba, kore har kala biyu aka saka, ni kuwa in ba damina ba ina zan kai kore biyu? Har yanzu suna nan kusan a cike. Waɗanda suka fara rami su ne rawayar ƙasa da jar ƙasa, don duk inda ka juya a Kano ko Katsina ko Zariya su ne a gabanka, katangar tubali, zankon soro, ganuwa, hanyar da ba kwalta. Hasumiyar Gobarau da su biyun nan kawai na yi ta, da ɗan shuɗi a ɓangaren inuwa. Kuma shuɗin nan mai duhu da ake kira altramarin ya burge ni wallahi, idan ka haɗa shi da jar ƙasa yana ba da ruwan toka mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, garin kalar yana kwanciya a ramukan takarda, sai ginin ƙasa ya fito da kaushinsa ba tare da ka wahala ba. Da haɗin nan nake yin sararin hunturu ma, ruwa da yawa kala kaɗan, tunda lokacin hazo sama ba shuɗiya ba ce ko kaɗan, duk wanda ya zuba mata shuɗi tsantsa a watan Janairu to ba Kano ya zana ba. Baƙi babu a ciki kuma ban yi kewarsa ba, haɗin biyun nan in ka rage ruwa ya isa. Fari kam ɓarnar gurbi ne, a fentin ruwa takardar ce farinka, wurin da kake so ya yi haske sai ka bar shi kar ka taɓa. Na ƙwaƙule shi na matsa wani shuɗin mai baƙi-baƙi a wurin saboda marinar Ƙofar Mata, don baban da ke cikin ramukan nan, da kumfar da ke taruwa a kai mai ɗan ja-ja, shuɗin akwatin shi kaɗai ba ya kamo su.

Inda bai yi min ba, na farko burushin. Ƙarami ne sosai, ya yi daidai da zanen taga ko ƙafar akuya amma ba zai shafe maka sama ba, kuma bai daɗe ba ya fara zubar da gashi. Sai da na sayi irin burushin nan mai ɗauke da ruwa a cikin marikinsa, kana matsawa ruwa na saukowa, ba ruwanka da kofi. A mota ko a kasuwa shi ne maganin, sai dai ka riƙe tishu don goge bakinsa tsakanin kala da kala. In zama zan yi sosai kuma nakan yanke gindin robar ruwa in zuba fiyawata in yi aiki da burushi mai lamba 8.

Na biyu, babu lambar sinadarin kala a jikinsa ko ɗaya. Kamfanonin kirki suna rubutawa, misali PB29 shi ne altramarin, PBr7 su jar ƙasa ne, da wannan lambar za ka san ko kala za ta jure rana. Tunda babu sai na gwada da kaina, na ja layin kowace kala a takarda, na rufe rabi da kwali, na manna a tagar da rana ke duka. Na ƙasa-ƙasan da shuɗin ko gezau, amma jan nan mai kama da zoɓo ya koɗe har ya koma wani ruwan hoda marar daɗin gani. A littafin da ke rufe ba matsala, amma kar ka zana wa mutum abin ratayawa a falo da shi ka karɓi kuɗinsa.

Sai yanayi, wannan ba laifin akwatin ba ne amma dole a faɗa. A hunturu iska ta bushe ƙayau, kana shafa layin farko kafin ka dawo da burushi ya riga ya bushe ya bar maka zane-zane a tsakiyar sama, ga ƙura da ke sauka cikin fentin kana ji tana ƙaras-ƙaras. Dabarar da ta yi min ita ce in haɗa kala mai yawa a murfin tun kafin in fara, in ɗan karkata littafin ruwan ya riƙa gangarowa, kuma in yi aiki da sassafe ko bayan la'asar a ƙarƙashin inuwa. Da damina kuma akasin haka, shafi ya ƙi bushewa kana ta fifita shi da hula, in ka rufe akwatin a jiƙe ya kwana biyu sai ka tarar da furfura a kan fentin. Ka bar shi a buɗe ya sha iska tukuna.

Amma fa duk wannan, takarda ta fi fentin muhimmanci, wannan ko za a yi musu da ni ba zan janye ba. Littafin zane na kantin kayan makaranta da an sa masa ruwa sai ya kumbura ya lanƙwashe, kalar ta taru a kwari, in ka ƙara gogawa ya fara tsirgewa. Takarda mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita ake nema, in da hali na auduga, tsada kam akwai ta, ni babban falle nake saya in yayyanka shi girman tafin hannu biyu in kama da maƙallin ƙarfe irin na ofis a jikin kwali. Fenti mai araha a kan takarda mai kyau ya fi fenti mai tsada a kan takardar banza nesa ba kusa ba. Alƙalamin zane ma a kula, na Pigma Micron ruwa ba ya jan tawadarsa in ta bushe, wasu kuwa da ka taɓa su da burushi shike nan shafin ya dagule.

Wani amfanin ƙanƙantarsa, ba ya tara maka jama'a da wuri. Yara dai sai sun zo, "Malam ni ma zana ni", wani har numfashinsa kana ji a wuyanka, amma ya fi a ce ka kafa allo mai ƙafa uku a bakin Kurmi. Ni ƙa'idata in yi sallama, in gaishe da dattijon da ke wurin, "Baba sannu da hutawa, ɗan zanen ƙofar nan zan yi", yawanci ma benci za a miƙo maka. Akwai wanda zai ce gini dai ka zana amma banda fuskarsa, sai ka bar shi, fahimtarsa ce. Kusa da shingen jami'an tsaro ko barikin soja kuwa kar ma ka fito da littafi, a halin da ake ciki ba wanda zai tsaya jin bayanin cewa fenti ne.

Ɗalibi ko mai fara koyo ya saya ba fargaba, ya dai haɗa da burushi mai ruwa da takarda mai kauri a lissafinsa. Wanda yake sayar da aikinsa kuma ya sayi akwatin saboda robar, in gurbi ya ƙare ya matsa fentin ruwa mai kyau na tiyub a ciki ya bar shi ya kwana ya daskare, haka nake yi wa rawayar ƙasa yanzu. Kuma kafin ka tura kuɗi ka ce mai kayan ya ɗauko maka hoton bayan kwalin ka ga ko akwai lambobin nan.