Sharhi kan kwas ɗin fanel data da nazarin tsawon lokaci da na yi a Yaba

Asabar shida na yi ina hawa motar bas ta BRT a Legas daga Mile 12, in sauka Fadeyi, in ƙarasa Yaba don wani kwas da wata cibiya mai zaman kanta take koyarwa. Ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki, kuma bincikena a kan 'yan uwanmu ne masu sayar da tumatir da tattasai da albasa a kasuwar Mile 12: shekara nawa mutum yake yi a sana'ar kafin jari ya karye ko ya bar ta, kuma me yake sa wani ya daɗe. Darasin aji bai ishe ni ba, shi ya sa na biya kuɗin kwas ɗin, wanda ya cinye kusan rabin albashina na wata.

Makonni huɗun farko a kan fanel data aka yi su, wato bayanan da ake komawa wurin mutane ko gidaje guda ana sake tambayarsu shekara bayan shekara. A nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Malamin bai kawo mana misalan Amurka ba. Ya sa kowa ya sauke bayanan binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take yi tare da Bankin Duniya, wanda aka fara a 2010/2011 da gidaje kusan 5,000, ana ziyartarsu bayan shuka da kuma bayan girbi, aka sake komawa a 2012/2013 da 2015/2016 da 2018/2019. Kyauta ake samunsa a intanet. Da shi muka koyi umarnin xtset da xtreg a manhajar Stata.

Abin da ya zauna mini a kai shi ne misalin taki. Idan ka kwatanta manomi da manomi ka ga mai zuba taki da yawa ya fi amfani, ba ka sani ba ko takin ne, ko gonarsa ce mai kyau, ko kuwa shi mutum ne mai himma tun asali. Amma idan ka kwatanta gida da kansa, bara da bana, duk abin da ba ya canzawa ya fita daga lissafi. Wannan ita ce hanyar kafaffen tasiri. Na sha haddace ta don jarrabawa, amma sai ranar na fahimce ta. Malamin bai ɓoye illarta ba: ba za ta iya faɗa maka tasirin abin da shi ma ba ya canzawa ba, kamar yankin da gidan yake. Ya kuma ja mana kunne a kan gwajin da Jerry Hausman ya fitar a 1978, wanda ake amfani da shi wajen zaɓar tsakanin wannan hanyar da wata, cewa kada ɗalibi ya mai da shi alƙali ya daina tunani da kansa.

Makonni biyun ƙarshe, na nazarin tsawon lokaci, wato lissafin lokacin da ake ɗauka kafin wani abu ya faru, waɗanda su ne ainihin abin da ya kai ni, su ne aka yi wa riƙon sakainar kashi. Rana ɗaya aka ba hanyar Kaplan da Meier ta 1958, mai ƙiyasta kashi nawa ne suke ɗorewa bayan kowane lokaci, rana ɗaya aka ba tsarin David Cox na 1972, mai auna abin da yake ƙara ko rage haɗarin karyewa, kuma a ranar ta biyun wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, muka yi asarar fiye da awa ɗaya ba a rama mana ba. Duk da haka na tsira da abu guda mai daraja. A da niyyata ita ce in zubar da duk ɗan kasuwar da har yanzu yake kan sana'arsa, tunda ban san ranar da zai daina ba. Ashe kuskure ne babba. Wanda ya shekara tara bai karye ba ya riga ya gaya maka cewa ya wuce shekara tara, kuma umarnin stset na Stata yana da wurin da za ka shaida masa hakan.

Abin da ba a koya mana ba ya fi ci mini rai. Tsarin Cox ya ginu ne a kan zaton cewa bambancin haɗarin karyewa tsakanin rukuni biyu yana tafiya da ma'auni ɗaya a kowane lokaci, amma ko sau ɗaya ba a nuna mana yadda ake gwada wannan zaton ba. Matsala ta biyu kuwa a kasuwa na gano ta. Ina cikin yi wa wani dattijo mai albasa tambayoyi sai ya ce, "Ɗana, waɗanda kake nema ai ba sa nan. Wanda ya karye a shekarar farko ya koma Arewa tuntuni." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Duk wanda zan tarar a rumfa yau, wanda ya riga ya jure ne, don haka lissafina zai nuna sana'ar ta fi ɗorewa fiye da yadda take. Akwai maganin wannan a cikin manhajar, ta hanyar shigar da lokacin da mutum ya shiga bincike daban da lokacin da ya fara sana'a, amma sai da na yi mako biyu ina karatu ni kaɗai kafin na gane.

Akwai kuma batun lasisin Stata. A kwamfutocin cibiyar muke aiki, da ka koma gida shi ke nan sai ka sayi naka. Da sun haɗa da manhajar R, wadda kyauta ce kuma tana da kayan aiki masu suna plm da survival masu yin wannan aikin, da ɗalibi marar ƙarfi ya samu abin ci gaba da shi.

Wanda bincikensa ya shafi gidaje ko jihohi ko kamfanoni cikin shekaru, kuma ya riga ya iya lissafin rigireshan na farko, wato auna alaƙar wani abu da wani, ina ba shi shawara ya je. Wanda kuwa tsawon lokaci yake son nazari kamar ni, ya tambayi awa nawa aka ware wa wannan ɓangaren kafin ya biya. Ni dai na sake tsara takardar tambayoyina, kuma ranar Litinin zan je wurin shugabannin 'yan albasa in roƙi su taimaka mini da lambobin waɗanda suka bar kasuwar.