Na ba godiyata CBD wata biyu, ga abin da na gani

Godiyata akawal ce, shekararta 9, a wata barga nake ajiye ta nan Kentaki a Amurka. Matsalarta firgita. Da ta hango tirelar ɗaukar dawaki sai gumi ya fara keto mata, ta yi ta haniniya tana turjiya, wani lokaci har tabarya take yi, ranar 4 ga Yuli kuwa da ake wasan wuta wallahi sai da ta fasa katakon ɗakinta da harbi ta ji ciwo a ƙafar baya. Ni da na tashi ina ganin dawakan hawan sallah a Katsina, ana harba bindiga a gefen kunnensu ga tambari ga algaita ko gezau, abin ya dame ni sosai.

Masu barga ne suka ce in gwada CBD, wani sinadari da ake cewa yana kwantar da hankali. Na sayi irin ƴan dunƙule-dunƙulen nan da ake zubawa cikin abinci, ba man da ake ɗura wa a baki ba, don ita sirinji ma tsoronsa take. Daga ganyen hemp ake yinsa, ɗan'uwan wiwi ne amma sinadarin THC mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, haka dokar 2018 ta ƙayyade a nan, don haka ba maye yake sa doki ba. Kafin in biya sai da na nemi takardar gwajin lab ɗinsu na duba, kuma duk mai saye ya nema, don hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ba ta amince da CBD a matsayin maganin dabbobi ba, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa a jikin roba.

Satin farko ba komai. Ta ci dai, ba ta tsince shi ta bari ba, wannan kam na yaba. Wajen sati na uku na ga ta ɗan rage zagaye ɗaki da daddare, kuma in na fito da ita kilisa ba ta zabura don leda ta gifta kamar da. Tirela fa? Har yanzu da rigima, sai dai da mukan yi kusan awa ana lallashi, ya koma kamar minti ashirin. Tsada ce babbar illarsa, doki ba kare ba ne, jikinsa babba kuma kaɗan hanjinsa ke tsotsa daga abin da ya ci, roba ɗaya ba ta kai ni wata.

To abin da ya fi ci min rai, kuma shi ya sa nake rubutun nan, da na ga tana cije-cije in ana ɗaure mata majayi sai na kira likitan dabbobi, ya zura kyamara ta hanci har ciki, ashe gyambon ciki gare ta. Baiwar Allah ciwo ke cinta ni ina ta neman abin kwantar da hankali. Aka ɗora ta kan omeprazole kwana 28, aka ce kar ciyawa ta yanke a gabanta, aka riƙa sakinta fili tare da wani doki, sauyin da na gani bayan nan ya ninka na CBD nesa ba kusa ba.

Masu zuwa gasa ku kula, hukumar USEF mai kula da wasannin dawaki a Amurka ta hana CBD tun 2019, in aka samu a jinin dokinka hukunci ne. Ƴan'uwa na gida kuma da ke cewa in taho musu da shi kafin sallah, don Allah ku yi haƙuri, wiwi haramun ne a dokar Najeriya, ba zan tsaya yi wa NDLEA bayani a filin jirgi ba.

Tauraro uku cikin biyar na ba shi. Akwai sauran rabin roba, na ajiye sai Yuli in Allah ya kai mu, kuma sai likita ya yarda zan ba ta.