Rumbun tarihin sojan Ayilan a intanet: inda ɗalibin Jos zai tono aikin matan da suka tsaya wa fursunonin siyasa

Ɗaliban tarihi a Jami'ar Jos da ma'aikatan ƙungiyoyin da ke zirga-zirga gidan yari sukan nemi misalin wata ƙasa da Ingila ta mulka, inda iyaye mata da matan aure suka tsaya wa ɗaurarrun siyasa har aka sako su. Ayilan ce ta fi kowace cika wannan siffa, kuma takardunta suna nan kyauta a shafin militaryarchives.ie, na rumbun tarihin sojan ƙasar da ke barikin Cathal Brugha a Dablin. Ba rajista, ba biyan ko kwabo, data ce kawai za ta ci. Shafin ya cancanci yabo, amma an gina shi ne domin auna aikin mai bindiga. Aikin matar da ta dafa, ta tara karo-karo, ta kwana a ƙofar kurkuku yana ciki, sai dai a binne yake, sai wanda ya san inda zai sa fartanya.

Taska biyu ce ta shafe mu. Ta farko ita ce Bureau of Military History, hukumar da gwamnati ta kafa a 1947 ta yi aiki zuwa 1957, tana bin tsofaffin 'yan gwagwarmaya tana rubuta abin da suka gani daga 1913 zuwa 1921. Ta tara shaidu 1,773, shafi kusan 36,000, aka kulle su har 2003, aka sa su a intanet a 2012. Na mata 146 ne kacal, ko ɗaya cikin goma bai kai ba. Ta biyu ita ce Military Service Pensions Collection, fayilolin masu neman fansho, da aka fara saki a 2014 kashi-kashi.

Kafin a buɗe shafin, a riƙe ƙashin bayan labarin, domin akwatin nema ba zai koya wa kowa shi ba. Bayan boren Ista na Afrilun 1916, wato tawayen da masu neman 'yancin Ayilan suka yi wa mulkin Ingila, hukuma ta kashe jagorori 16, aka kwashi maza kimanin 1,800 zuwa sansanin Frongoch a Wels, aka tsare mata 77 a Dablin. An harbe Tom Clarke ran 3 ga Mayu, washegari aka harbe ƙanin matarsa, Ned Daly. Ita matar, Kathleen Clarke, tana cikin takaba ta kafa asusun tallafa wa iyalan waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɗaure. A watan Agusta asusun ya haɗe da wani irinsa, a Fabrairun 1917 kuma aka ɗauki Michael Collins, wanda daga baya ya zama jigo a yaƙin neman 'yancin ƙasar, sakatarensa. Wannan aiki na bin gida-gida, a rubuta yawan 'ya'ya, a biya haya, a aika ƙunshin abinci da taba da safa zuwa sansani, 'yan ƙungiyar mata ta Cumann na mBan, wadda aka kafa a 1914, su suka ɗauki kaso mai nauyi nasa. Ta wannan hanya ce ƙungiyar masu neman 'yancin da aka tarwatsa ta sake sanin inda 'ya'yanta suke. Wanda bai gane haka ba zai ɗauki asusun a matsayin sadaka kawai, ya rasa rabin labarin.

Ga yadda ake nema. A taskar farko ana iya rubuta sunan mai shaida, ko gunduma, ko kalma daga cikin rubutun. Kowace shaida tana da lamba mai farawa da WS. Uku sun isa mafari: WS 264 ta Áine Ceannt, wadda aka harbe mijinta a 1916, WS 391 ta Helena Molony, wadda ita kanta ta sha ɗauri, da WS 317 ta Maud Gonne MacBride. Daga nan sai neman kalma, kuma dole a rubuta ta da Turanci yadda masu shaidar suka faɗe ta: "National Aid", "dependants", "parcels", "Frongoch", "Mountjoy". Kada a tsaya kan shaidun mata kaɗai. Maza da yawa da suka zauna a sansani sun ambaci wadda ta kawo musu ƙunshi ko ta shigar da wasiƙa a ɓoye, kuma sau da yawa a bakinsu ne kawai sunanta ya tsira.

Inda gizo ke saƙa shi ne suna. Mace ɗaya tana iya fitowa da suna uku: na gidan ubanta, na gidan mijinta, da na harshen Ayilan. Áine Ceannt an haife ta ne Frances O'Brennan. Idan ka ga "Ní" ko "Nic" kafin suna, 'yar wane ake nufi; "Bean Uí" kuwa matar wane. Bahaushen da ya saba da mace mai sunan yanka da na makaranta da laƙabin gidan miji ba zai sha wahalar gane wannan ba, amma kwamfuta ba ta gane shi. A gwada kowane suna daban, a gwada da alamar da ke kan wasali (kamar á) da kuma babu shi. Wata matsalar ita ce, da tafireta aka buga shaidun, na'ura ce ta karanta hotonsu ta mai da shi rubutu, kuma inda tawada ta dushe takan karanta harafi ba daidai ba. Don haka in nema ya dawo babu komai, ba hujja ce ta cewa babu ba. A taƙaita kalmar, ko a nemi sunan gari, a karanta da ido. Kaɗan daga shaidun ma da harshen Ayilan suke, waɗannan sai a tsallake.

Taskar fansho ta fi wuyar shiga, ta kuma fi daɗin sakamako. Dokar 1924 ba ta sa 'yan Cumann na mBan cikin masu cancanta ba, sai ta 1934, ita ma a matakai biyu na ƙasa cikin biyar ta tsayar da su. Mai nema takan cike fom, ta zauna gaban alƙalin tantancewa ta yi rantsuwa, a yi mata tambaya a rubuta amsa, ta kawo wasiƙun shaida daga tsofaffin shugabanninta. A wannan tambaya da amsa ne zinariyar take. Za ka ga mace tana lissafa ziyarar kurkuku, tarin kuɗi a ƙofar coci, wankin kayan fursunoni, ciyar da waɗanda aka sako ba su da masauki, mai tambaya kuma yana ƙoƙarin jin ko ta ɗauki bindiga ko saƙon soja, domin wannan ne ma'aunin "aikin fagen fama" a wurinsa. Abin yana da ciwo a karanta. Fayil ɗin Margaret Skinnider ya nuna zurfin matsalar: malamar makaranta ce da aka harba sau uku a 1916, aka hana ta fanshon rauni a 1925 bisa cewa kalmar soja namiji take nufi, sai 1938 ta samu. In mai tabon harsashi ta sha wannan, ina ga mai kai abinci?

A nan akwatin nema bayanin da ma'aikatan rumbun suka rubuta kan kowane fayil yake bi, ba kowane layi na takardun ba, domin hotuna ne, da yawansu rubutun hannu. Sai a fara karanta taƙaitaccen bayanin, wanda yawanci an yi shi da kulawa, kafin a sauke. Fayil ɗaya kan kai shafi da dama, kuma ya fi na taskar farko nauyi nesa. A waya, in sabis ya yanke a tsakiya sai takardar ta ƙi buɗewa, a koma farko. Gara a tara lambobin fayil biyar ko shida a takarda, galibinsu masu farawa da MSP34REF, a je shagon kwamfuta mai intanet mai ƙarfi a wajen Terminus ko titin Bauchi a sauke a filash lokaci guda. A canza wa kowanne suna nan take, sunan matar da lambarta, in ba haka ba bayan mako guda ba wanda zai gane wanne ne wanne. Kada a buga fayil dukansa. Rabinsa wasiƙun ofis ne kan lissafin kuɗi da canjin adireshi. A buga shafukan rantsuwa da wasiƙun shaida, shafi ɗaya a fuskar takarda ɗaya, domin rubutun hannun zamanin in an ƙanƙance shi ba ya karantuwa. Akwai kuma jerin sunayen 'yan ƙungiyar reshe-reshe a ranakun 11 ga Yulin 1921 da 1 ga Yulin 1922, mai amfani wajen tabbatar da cewa wance ta wane gari ce.

Babban gibin shi ne na zamani. Taskar farko ta tsaya a tsagaita wuta da Ingila ta Yulin 1921, tana gudun yaƙin basasar 1922 zuwa 1923 da ya raba abokai. Tana da labarin Thomas Ashe, fursunan da ya rasu a 1917 bayan an ɗura masa abinci da ƙarfi yana yajin cin abinci, da na taron mata masu addu'a a ƙofar gidan yarin Mountjoy a Afrilun 1920, da na Terence MacSwiney, wanda ya rasu a gidan yarin Brixton na Landan bayan kwana 74 yana yajin cin abinci, matarsa Muriel da 'yar'uwarsa Mary suka tafi Amurka suka ba da shaida. Amma ƙungiyar da ta fi kowace dacewa da batunmu, Women Prisoners' Defence League, a 1922 Maud Gonne da Charlotte Despard suka kafa ta, lokacin da gwamnatin 'yan ƙasa ce ke ɗaure 'yan ƙasa. Ana kiransu "Iyaye Mata". Sukan yi taro kowace Lahadi a titin O'Connell, su bi sawun wanda aka kama har su gano inda aka kai shi. An haramta ƙungiyar a farkon 1923, aka kama Maud Gonne ta shiga yajin cin abinci a Kilmainham, Despard, tana dab da shekara 80, ta zauna a ƙofar gidan yarin har aka sako ta. Fayilolin fansho sun kai ƙarshen Satumban 1923, don haka ana tsintar ɓurɓushin wannan a cikinsu, amma cikakken hoton sai an haɗa da jaridun lokacin da littattafan masana. Haka kwamitin mata na 1865 na Mary Jane O'Donovan Rossa da Letitia Luby, mai tallafa wa iyalan fursunonin siyasa, da ƙungiyar mata ta Anna Parnell ta 1881, mai kare manoma 'yan haya, sun riga zamanin da taskokin biyu suka ƙunsa. Matan Belfast da suka yafa bargo suka fito titi daga 1976, don mara wa 'yan uwansu fursunoni da suka ƙi sa kayan kurkuku baya, kuwa, a shafin CAIN na Jami'ar Ulster ake samunsu, shi ma kyauta.

A kuma tuna cewa masu shaidar sun yi magana ne bayan kusan shekara talatin ko fiye, mai neman fansho kuwa tana da dalilin ƙara wa miya gishiri. Duk maganar da za ta shiga furojet a same ta a baki biyu aƙalla, a rubuta lambar takarda da shafi.

Ga mai son kwatantawa da gida, hanya a buɗe take. Gidan yarin Jos ya taɓa riƙe Olusegun Obasanjo a zamanin Abacha, an harbe Kudirat Abiola a Legas ran 4 ga Yunin 1996 tana fafutukar a sako mijinta, Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri sau 16. Amma matan 'yan NEPU da suka yi ta kai tuwo ƙofar gidan yari, ba hukumar da ta bi su ta rubuta bakinsu. Fom ɗin fanshon Ayilan ya raba aikin mutum zango-zango, yana tambayar a ina, ƙarƙashin wa, wa zai shaida. Ɗalibi zai iya kwafe wannan tsari ya mai da shi Hausa, ya ƙara tambayoyin da alƙalan Dablin ba su damu da su ba, wa ya dafa, wa ya biya kuɗin mota, wa ya riƙe yara, sannan ya ɗauki rikoda ya nufi Gangare ko Dilimi wurin tsofaffin da suka rage.