Gas, Haibirid ko Lantarki: Abin da Ya Kamata Mai Mota Ya Auna Kafin Ya Saya

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin hawa mota ya sauya a kowane gida a Najeriya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 600 cikin watanni biyu, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Ga shi kuma kowace lita ta fetur da mota ta ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke kan gaba wajen ɗumama duniya, saboda haka wanda ya rage shan mai ya sauƙaƙa wa aljihunsa, ya kuma rage hayaƙin da yake zubawa a gari. Hanyoyi uku ne aka fi magana a kansu yanzu, wato juya mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG, da sayen mota haibirid mai haɗa fetur da batir, da sayen mota mai lantarki zalla. Abin da ke raba su ga mai saye shi ne yawan tafiyar da yake yi a mako da kuma nisan da ke tsakanin gidansa da inda zai cika tanki ko ya yi caji.

Juya mota zuwa CNG shi ne mafi kusa ga mai ƙaramin ƙarfi, domin motarsa ta yanzu za a ƙara wa kayan aiki, kuma tankin fetur yana nan, idan gas ya ƙare direba ya danna maɓalli ya ci gaba da tafiya da mai. Wannan gas ba irin na girki ba ne. Iskar metan ce da ake matsewa a cikin silinda mai kaurin gaske da ƙarfin da ya kai ninki 200 na nauyin iskar da muke shaƙa, kuma hayaƙin kabon da take fitarwa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman a 2023 domin yaɗa amfani da ita, ta fi ba da ƙarfi ga motocin haya. Ga direban tasi ko na bas da ke yini a kan titi, bambancin farashin gas da na fetur yana iya mayar masa da kuɗin juyawar cikin watanni, amma ma'aikacin da ba ya wuce gida zuwa ofis zai daɗe kafin ya ga ribar, ganin cewa aikin yakan ci ɗaruruwan dubban naira, wani lokaci ma ya haura miliyan.

Silindar tana cinye rabin but, tana kuma ɗora nauyi a kan ƙafafun baya, ga shi cika ɗaya ba ta cika kai ƙaramar mota fiye da kilomita 150 zuwa 200 ba. Babbar matsalar mutanen Arewa ita ce ƙarancin wuraren cikawa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an fara shimfiɗa shi a 2020, kuma duk garin da bututu bai kai ba a manyan motoci ake kawo masa gas, abin da ke jawo dogon layi da yankewa. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya je da kansa gidan gas mafi kusa da shi sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, ya ga tsawon layin, ya tambayi direbobin da ke tsaye sau nawa suke zuwa su tarar babu. Batun silinda kuwa ba abin yin arha ba ne. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin, aka gano cewa silindar da ke cikinta haɗin walda ce. Silinda ta gaskiya tana da lamba da ranar gwaji a jikinta, kuma cibiyar da hukuma ta amince da ita ce kaɗai ta cancanci ɗora ta.

Mota haibirid, wadda Toyota ta fara fitarwa da sunan Prius a Japan a 1997, ba ta buƙatar caji daga waje ko kaɗan. Idan direba ya taka birki, ƙarfin da ke salwanta ne take mayarwa cikin batir, idan kuma aka tsaya a cunkoso injin fetur ya mutu da kansa, batir ya riƙe motar. Wannan ne ya sa amfaninta ya fi fitowa a cikin gari, inda Prius kan sha kusan rabin abin da Corolla ta fetur ke sha, alhali a doguwar hanya kamar Kano zuwa Abuja tazarar tana raguwa sosai. A ganina ita ce ta fi dacewa da mafi yawan magidanta a Kano da Kaduna da Sakkwato a halin da ake ciki, tunda duk inda ake sayar da fetur ta samu abin da take buƙata.

Sai dai yawancin waɗanda ke shigowa tokumbo ne da suka haura shekara goma, kuma babban batirin shi ne abin da ya fi tsada a jikinsu. Zafi ne ke kashe shi. Akwai 'yar fanka kusa da kujerar baya da ke shayar da shi iska, kuma ƙurar hunturu tana toshe ta ba tare da mai motar ya sani ba, don haka share ta akai-akai wajibi ne a wannan yanki namu. Mai saye ya tafi da makaniken da ya san irin waɗannan motoci, a jona kwamfuta a duba lafiyar kowane sashe na batirin, sannan a yi tafiyar gwaji ta aƙalla rabin awa da na'urar sanyaya mota a kunne. Idan a garinsu babu makaniken da ya taɓa buɗe irin wannan batir, gara ya dakata.

Mota mai lantarki zalla ba ta da salansa, ba ta da juyen baƙin mai, ba ta da filogin injin. An haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas, kuma a 2021 aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, haka nan a Maiduguri akwai bas-bas masu lantarki da ke jigilar mutane. Ƙaramar mota irin wannan takan ci yunit 15 zuwa 18 na wutar lantarki a tafiyar kilomita 100, wanda ko a farashin rukunin A, wato rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, da ya haura naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024, bai kai kuɗin lita takwas ta fetur da mota mai fetur za ta iya sha a wannan tafiya ba. Amma farashin sayenta yana da nauyi, tashoshin caji a kan manyan hanyoyin Arewa kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Wanda zai riƙa kunna janareta domin ya yi mata caji, hayaƙin ne kawai ya ɗauke daga titi ya kai tsakar gidansa, kuɗin man ma bai tsira ba. Ta dace da mai faranten sola masu yawa a kan rufi, wanda motarsa ke ajiye da rana, kuma yake da wata hanyar idan tafiya mai nisa ta kama.

Wanda kuɗinsa bai kai ko ɗaya daga cikin ukun ba, yana da abin yi da motar da ke hannunsa. Taya mai ƙarancin iska da filogin da ya tsufa da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa duk suna ƙara shan mai. A tafiyar sallah ko hutun makaranta kuma, mota ɗaya mai ɗauke da mutum huɗu ta fi motoci biyu masu mutum bibbiyu, sannan mai zuwa Abuja daga Kaduna yana iya ajiye motarsa a tashar Rigasa ya hau jirgin ƙasan da ke bin wannan layi mai kilomita 186 tun 2016.