PMI da ma'aunin hukuma na masana'antu: me ya sa suke saɓawa?

Malam, tambayarka ita ce me ya sa ake jin labari a farkon wata cewa PMI, ma'aunin da ake haɗawa daga amsoshin manajojin sayayya na kamfanoni, ya haura 50, wato masana'antu na ci gaba, sannan bayan makonni hukumar ƙididdiga ta fitar da nata alƙaluman ta ce abin da aka sarrafa a wannan watan dai raguwa ya yi. Ka ce ko dai ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi. Babu mai ƙarya a cikinsu. Abin da suke aunawa ne ba ɗaya ba, kuma in ka ga yadda ake haɗa kowanne, saɓanin zai daina ba ka mamaki.

Mu fara da na hukuma, wato ma'aunin yawan kayan da masana'antu suka samar a wata. Burinsa shi ne ya faɗi da nawa aikin ya ƙaru ko ya ragu. A yawancin ƙasashe yana ɗauke da ɓangarori uku: haƙar ma'adinai, masana'antun sarrafa kaya, da samar da lantarki da gas. A Amurka Babban Bankin ƙasar ne ke fitar da shi a tsakiyar kowane wata, kuma lissafinsa ya faro tun daga 1919. A Tarayyar Turai kowace ƙasa ke tattara nata ta miƙa wa Eurostat, ofishin ƙididdigar Tarayyar, a Birtaniya ofishin ƙididdiga na ONS ne, a Indiya kuma ma'aikatar ƙididdiga.

Matsalar farko da masu wannan aiki ke fuskanta ita ce ba a tara tan na siminti da litar lemo da adadin motoci a lissafi guda. Don haka ake zaɓar shekara ɗaya a mai da ita tushe, a ba ta maki 100. Amurka na amfani da 2017, Tarayyar Turai na amfani da 2021. Kowane kaya sai a auna shi da kansa: in ana yin tan dubu ɗari na siminti a wata a shekarar tushe, yanzu kuma ana yin dubu ɗari da goma, makin siminti ya zama 110. Daga nan sai a ba kowane ɓangare nauyinsa kafin a haɗa. Nauyin nan ba daga yawan cinikin ɓangaren ake ɗaukarsa ba, daga ƙarin darajar da shi da kansa ya samar ne. Kamfanin da ke haɗa mota ya sayi ƙarfe da taya da gilashi daga wasu, to in aka ƙirga masa kuɗin motar gaba ɗaya, an ƙirga ƙarfen sau biyu ke nan. A ma'aunin Indiya mai tushen 2011-12, alal misali, sarrafa kaya ya ɗauki kusan kashi 78 cikin ɗari, haƙar ma'adinai kusan 14, lantarki kusan 8.

Inda aikin ke da wuya shi ne samo adadin kansa. Ɗanyen mai, kwal, ƙarfe da lantarki suna da sauƙi, ana ƙirga ganga da tan da kilowat. Amma yaya za ka ƙirga magunguna ko kayan lantarki masu iri dubbai, waɗanda ingancinsu ke canzawa kowace shekara? A nan ake komawa ga kuɗin cinikin kamfanoni, a cire hauhawar farashi ta hanyar amfani da ma'aunin farashin bakin masana'anta, abin da ya rage shi ne ainihin ƙaruwar kaya. Birtaniya ta fi dogara da wannan hanya. Sai kuma kayan da ke ɗaukar watanni ko shekaru kafin a gama, kamar jirgin ruwa. Ba za a rubuta sifiri har tsawon shekara biyu sannan a rubuta jirgi ɗaya a watan da aka miƙa shi ba, don haka ake amfani da sa'o'in da ma'aikata suka yi. Babban Bankin Amurka ma yana amfani da sa'o'in aiki ga ɓangarorin da ba a samun adadin kayansu da wuri. Kowace daga cikin hanyoyin nan uku tana da inda take tuntuɓe. In ma'aunin farashin bai kama tashin farashi daidai ba, sai tsadar kaya ta shigo lissafi kamar ƙaruwar aiki ce. In an kawo sabon inji da ya sa ma'aikaci ɗaya ke yin aikin mutum biyu, sa'o'in aiki ba za su nuna ba sai an yi gyara daga baya.

PMI kuwa wata hanya ce dabam. Ba ya neman adadi ko ɗaya. Ana aika tambayoyi ga manajojin sayayya na wasu ɗaruruwan kamfanoni, a ce: in aka kwatanta da watan jiya, abin da kuka samar ya ƙaru, ya ragu, ko yana nan yadda yake? Haka za a tambayi sababbin oda, ɗaukar ma'aikata, kayan da ke sito, da lokacin da masu kawo kaya ke ɗauka. Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauki kason waɗanda suka ce ya ƙaru, a ƙara da rabin waɗanda suka ce babu canji. A ce kamfanoni 100 ne, 30 suka ce ya ƙaru, 50 suka ce yana nan, 20 suka ce ya ragu: 30 da 25, maki 55 ke nan. In masu cewa ya ƙaru da masu cewa ya ragu suka zo daidai, maki 50 za a samu. Shi ya sa 50 ta zama iyaka.

To ka ga tushen saɓanin. A cikin waɗannan kamfanoni 30, kowanne zai iya yiwuwa ɗan abu kaɗan ya ƙaru, a cikin 20 ɗin kuma akwai babbar matatar mai da ta tsaya cak don gyara. PMI zai nuna 55, ma'aunin hukuma zai nuna faɗuwa, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. Kamar ka zaga kasuwar hatsi kana tambayar kowane mai rumfa ko cinikin yau ya fi na jiya, wani kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga buhunan da suka fita. Kai ka san mutum nawa ne kasuwa ta yi wa kyau, shi ya san buhu nawa aka sayar. Masu haɗa PMI suna ƙoƙarin zaɓar kamfanoni daidai da girman kowane ɓangare a tattalin arziki, amma duk da haka amsar "ya ragu" ɗaya ce, ko da kashi 1 ya ragu ko da kashi 60.

Akwai abu na biyu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Lambar PMI da ake karantawa a labarai haɗaka ce ta ma'aunai biyar, kuma samar da kaya ɗaya ne kawai daga cikinsu. Cibiyar ISM, mai haɗa PMI a Amurka, tana ba kowanne kashi 20. Kamfanin S&P Global, mai haɗa PMI na ƙasashe da dama, yana ba sababbin oda kashi 30, samar da kaya 25, ma'aikata 20, lokacin kawo kaya 15, kayan sito 10. Wannan na lokacin kawo kaya kuwa a juye ake lissafa shi: in masu kawo kaya suna jinkiri, maki tashi yake yi, bisa tunanin cewa jinkiri alama ce ta oda ta yi musu yawa. A lokacin da komai ke tafiya daidai tunanin yana da ma'ana. A lokacin rikici kuwa yana ruɗar da mai karatu.

Watan Afrilu na 2020 a Amurka ya nuna wannan a fili. Korona ta sa an rufe masana'antu, Babban Banki ya sanar da faɗuwar kashi 11.2 cikin ɗari a wata guda, mafi girma a tarihin ma'aunin na shekara ɗari da ɗaya, haɗa motoci ya faɗi da fiye da kashi 70. PMI na ISM kuwa ya tsaya a 41.5, lambar da ke nuna matsala amma ba ta nuna irin wannan rugujewa ba. Dalili shi ne ma'aunin jinkirin kawo kaya ya tashi zuwa 76, ba don oda ta yi yawa ba, sai don hanyoyi da masana'antu a rufe suke. Wanda ya buɗe rahoton ya duba ɓangaren samar da kaya shi kaɗai zai ga 27.5, wanda ya fi kusa da gaskiyar lamarin. Wata ɗaya bayan haka sai abin ya juya: a Mayu ma'aunin hukuma ya nuna an fara farfaɗowa, PMI kuma yana 43.1, ƙasa da 50. Manyan masana'antun motoci sun koma aiki sun ɗaga jimilla, amma kamfanonin da ke cewa abu na ci gaba da raguwa sun fi masu cewa ya ƙaru yawa.

Ta fuskar sauri PMI ba shi da abokin gasa. Yana fitowa a ranar aiki ta farko ta sabon wata, wasu ƙasashen ma ana fitar da ƙwarya-ƙwaryarsa kafin watan ya ƙare. Na hukuma a Amurka sai bayan kusan mako biyu, a Birtaniya da Tarayyar Turai kusan mako shida. Indiya ta daɗe tana ɗaukar kwana 42, ta rage zuwa 28 a 2025. Sannan lambar farko ta hukuma ba ita ce ta ƙarshe ba, domin wasu kamfanoni ba su aiko da amsa kan lokaci, sai a yi ƙiyasi a gyara daga baya. A Amurka ana ci gaba da gyara lambar wata har tsawon watanni biyar masu biyo baya, ban da babbar bita ta shekara. Wasu na ɗaukar wannan gyara a matsayin aibi. Ni a wurina alamar aikin ƙwarai ce. PMI ba a cika gyara shi ba, amma ba don ya fi daidai ba ne, don babu wani sabon bayani da zai zo daga baya a gwada shi da shi.

Batun kalanda ya shafe su duka, amma ya fi damun na hukuma tunda shi ke auna adadi. Watan da ke da ranakun aiki 20 ba zai yi daidai da mai 23 ba, don haka ake tace tasirin ranakun aiki da na lokutan shekara kafin a kwatanta wata da wata. Hutun da ke da tsayayyar rana, kamar Kirsimeti, tace shi ba wuya. Mai yawo a kalanda shi ne aiki. China takan haɗa alƙaluman masana'antu na Janairu da Fabrairu wuri guda saboda sabuwar shekararsu wani lokaci tana faɗawa a wannan, wani lokaci a wancan. Mu ma muna da irin wannan: azumi da sallah suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma duk wanda ya san yadda aikin masaƙa, ɗinki, sukari da lemo ke tashi gab da sallah ya san kwatanta watan Maris na bana da na bara ba tare da duba ina azumi ya faɗa ba kuskure ne. Don haka duk lambar da aka kawo maka, ka fara tambaya: da watan jiya aka kwatanta ko da irin watan a bara, kuma an tace ko ba a tace ba?

A Najeriya abin da aka fi jira daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa shi ne rahoton tattalin arziki na kowane wata uku, wanda a cikinsa ake ganin ɓangaren masana'antu. Na wata-wata da ake ji a labarai PMI ne, na Babban Bankin Najeriya da kuma na bankin Stanbic IBTC wanda S&P Global ke haɗawa daga amsoshin kamfanoni kusan 400. A kula, na Stanbic IBTC ba na masana'antu kaɗai ba ne, ya haɗa da noma, gine-gine, kasuwanci da ayyukan hidima. Amfaninsa ya fito a lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023: ya faɗi ƙasa da 50 a Fabrairu, ya ƙara faɗuwa a Maris, alhali rahoton hukuma na waɗannan watanni uku bai fito ba sai a Mayu, inda ya nuna bunƙasar tattalin arzikin ƙasa ta sauko zuwa kashi 2.31. Wanda ke bin PMI ya riga ya ga alamar tun da wuri, amma girman ɓarnar sai daga hukuma aka ji.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda duka biyun suke bari a waje. Ko a Jamus, binciken wata-wata na samar da kaya yana tsayawa ne kan masana'antu masu ma'aikata 50 zuwa sama, kuma a can wannan ya ɗauke mafi yawan aikin. A wurinmu kuwa, masu injin niƙa, masu casar shinkafa, majema, maƙera, masu walda da teloli suna riƙe da kaso mai girma na abin da ake sarrafawa, ba su da manajan sayayya da za a aika wa tambaya, ba su kuma aika rahoton wata. Lambar da ke cewa masana'antu sun bunƙasa tana iya zama labarin siminti da matatar mai ne kawai.

In tambayarka ita ce ina aka dosa, kuma kana son amsa yanzu, ka duba PMI, amma ka buɗe rahoton ka karanta ɓangaren samar da kaya da na sababbin oda, kada ka tsaya kan lambar kanun labarai. Ka kuma tuna saukowa daga 55 zuwa 52 ba raguwa ba ce, ci gaba ne da ya rage sauri. In kuwa tambayarka da nawa aka ƙaru ko aka ragu, ko kana rubuta bincike, ko kana kwatanta bana da shekaru biyar baya, na hukuma kaɗai ke da amsa, kuma gara ka ɗauki matsakaicin wata uku bayan an yi gyaran farko.